Gadar Masara

Tambayar da Auta ta fi tsana a duniya ita ce a ce mata, wai me kuke yi ne a wurin aikin naku? In ta ce fiziks sai a ɗaga kai sama, a zaci taurari take ƙirgawa. Ita kuwa babu ruwanta da taurari. Sashensu na abubuwan da suka ƙi zama ruwa suka kuma ƙi zama dutse ne: kumfar sabulu, man goge baki, taɓo, har majina. A ɗakin da ke jikin nata wata mata ce ta shekara tara tana leƙen yadda jini ke matse kansa ya wuce ta siririyar jijiya. A ƙarshen baranda wani tsoho ne ke kiwon ƙwayoyin cuta a faranti, yana ɗaukar hotonsu suna iyo garke-garke. Akwai ma wanda ba shi da aiki sai kallon bidiyon mutane suna turereniya a bakin ƙofa. Ita Auta tsaba ce rabonta. Ta zuba yashi ko shinkafa a mazurari, ta zauna tana jiran lokacin da za su cije su ƙi sauka.

Yayanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, cewa yake ƙanwarsa ta yi digiri uku a wasan ƙasa. In ta zo gidansa ranar hutu ba ya bari ta zauna sai ya tambaye ta ko yashin ya kwana lafiya. Amma shi ne kuma ke gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa abin da Dakta ke yi da farar riga a ƙarƙashin fanka, shi yake yi da gumi shekara ashirin da biyu.

Kuma ba ƙarya ya yi ba. A wata ma'ajiyar hatsi yake aiki a bayan gari, inda aka jera rumbunan ƙarfe shida, kowanne ya kai tsawon bene hawa huɗu. Ta sama ake zuba masara, ta ƙasa inji ke jan ta. In danshi ya shiga, sai saman masarar ya dunƙule ya yi ɓawo. Inji ya janye ta ƙasa, ɓawon ya tsaya a sama cak, rami a ƙarƙashinsa. Leburori suna kiran wannan gada. In gada ta yi, sai a fara dukan jikin rumbun da guduma ko za ta rufta da kanta. In ta ƙi, dole mutum ya shiga ya farfasa ta, mutumin kuwa Yaya ne. Ba ya ɗaura igiya a ƙugu, wai igiyar ƙugu sa mutum sakaci take yi. Naɗa ta yake sau biyu a wuyan hannun dama, ya riƙe rodi da hagu, ya yi ta caka har gadar ta rufta a ƙarƙashinsa, ya rage yana reto yana dariya. Shi ya sa suke ce masa Jemage. Gada ta rufta da shi ya fi a ƙirga, bai taɓa sakin igiya ba.

Shekara guda Auta tana yi masa naci. A mazurarin ɗakinta ta ga gada ƙanana sun fi dubu, amma ba ta taɓa auna ta gaske ba. Ta kwashe shekara uku tana harhaɗa wata 'yar ƙwallon ƙarfe kamar girman lemo, wadda in aka binne ta cikin tsaba za ta riƙa aiko wa kwamfuta irin matsar da take sha. Abin da take so bai da yawa, in ji ta: ranar da gada ta yi kada a taɓa, a kira ta, a tura ƙwallon cikin ɓawon, sannan a fasa.

Ranar wata Talata da hantsi ya kira ta, ya ce gada ta yi, ta zo ga abin wasanta ya nuna.

Shugaban leburorin bai so ba. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, Guduma suke kiransa, tare suka fara aiki da Yaya, a kwano ɗaya suke cin abincin rana. Ya ƙare wa Auta kallo, da takalminta da jakar kwamfutarta, ya ce motoci uku na jiran lodi, in za a yi wasan a yi da sauri. Suka hau tsanin waje su biyu, ita da Yaya, har kan rufin rumbu na huɗu, inda ƙofar shiga take kamar bakin rijiya. Ta miƙa masa ƙwallon, amma ba ta sakar masa ba sai da ta ja masa kunne.

"Yaya, don Allah kada ta faɗi. Ita kaɗai ce, babu wata."

Ya ce ya ji. Ta sake faɗa da ya sa ƙafa a tsanin ciki. Ta faɗa karo na uku da kansa ya ɓace a ƙofar, har ya ɗago murya daga ciki yana tambaya ko ƙwai ta ba shi.

Ya soke rodin a gefe, igiya a dama, ƙwallo a hagu, ya taka zuwa tsakiyar gadar. Auta ta durƙusa a kan rufi ta buɗe kwamfuta. Ba shi take kallo ba, wannan kuwa ba za ta taɓa yafe wa kanta ba. Layin da ke kan gilashin kwamfutar take kallo. Ta ga ya yi rawa kaɗan, sannan ya yi tsalle sama irin tsallen da ta shekara uku tana mafarki, daɗi ya cika mata ciki, har ta buɗe baki za ta ce masa ƙwallon ta yi aiki. Sai rumbun ya yi wani gurnani, rufin ya girgiza a ƙarƙashin gwiwoyinta, ƙura ta yi tsiri ta ƙofar ta watsa mata a fuska.

Da ƙurar ta lafa ta leƙa. Igiya na reto ita kaɗai. Can ƙasa, a gindin wani rami mai kama da mazurari, ga kan Yaya da kafaɗunsa da hannunsa na dama. Sauran jikinsa masara ta haɗiye. Tana ta gangarowa a hankali daga gefe tana taruwa a ƙirjinsa.

Auta ta san abin da ke faruwa da shi fiye da kowa a garin nan, kuma sanin bai yi mata daɗi ba. Duk lokacin da ya fitar da numfashi ƙirjinsa zai ragu, masara ta cike gurbin, in ya zo shaƙa babu wuri. Tsaba ba ta mayar da abin da ta karɓa. Ta ƙwala masa kira ta ce kada ya motsa, kada ya yi magana, ya riƙa shan iska kaɗan-kaɗan. Ya ɗaga mata yatsa ɗaya.

Sai ta ji ƙarar guduma.

Leburori sun ji ruftawar, sun ga Jemage bai leƙo yana dariya ba, suka yi abin da hannunsu ya saba. Mutum huɗu suka zagaye rumbun suna dukansa da dukan ƙarfinsu, wai masara ta saki. Kowane duka ɗaya, Auta tana gani da idonta gangaren yana zubowa, Yaya yana nutsewa kamar faɗin yatsa. Ta sha girgiza kwalbar yashi a ɗakin gwaji don ta sa ƙarfe ya nutse a ciki. Ta yi ihu ta ce su bari, amma wa zai ji mace daga hawa huɗu cikin wannan ƙara? Ta cire takalmi ta jefa, bai samu kowa ba. Ta kama tsani ta sulalo, fatar tafin hannunta tana saluɓewa a jikin ƙarfe, ba ta ma ji ba.

Na farkon da ta tarar ya ɗaga guduma sama. Ta yi kukan kura ta rungume shi ta baya, suka faɗi tare kan siminti, gudumar ta dira kusa da kunnenta. Ta tashi tana zaginsu, ita da ko a makaranta ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ce kashe shi suke yi, jakuna, kashe shi suke yi da hannunsu. Suka tsaya, ba don sun yarda ba, sai don mamakin ganin Dakta ba takalmi, ɗankwali a wuya, tana kumfar baki.

A nan ta hango Guduma ya nufi akwatin makunnin inji.

Ta gane nufinsa, kuma wallahi nufin alheri ne. In masara ta danne mutum, a janye masarar. Wane mai hankali ne zai ce a'a? Amma masara ba daga ƙasa take fara tafiya ba in an buɗe mata. Ta tsakiya take zurarewa, daga sama, daidai inda Yaya yake. In injin nan ya yi minti ɗaya, kansa ya shige; in ya yi biyar, a bakin haƙoran injin za a tsince shi. Ta ruga ta sha gabansa, tana haki tana yi masa bayani. Ta ce mazurari, ta ce tsakiya, ta ce ya ba ta minti biyu ta nuna masa da kwalba. Kai, ilimi ma wani lokaci bai san inda zai tsaya ba. Guduma ya ce ita ta jefa Jemage ciki da wasan banzanta, yanzu kuma za ta koya musu aikinsu. Ya sa hannu ɗaya ya ture ta, ta yi taga-taga ta bugu da jikin rumbu. Ya buɗe murfin akwatin.

Akwai wani guntun rodi a jingine a wurin, irin wanda suke cakar gada. Auta ba ta yi shawara da kowa ba, har da zuciyarta. Ta ɗauka da hannu biyu ta sauke shi a kan hannun da ya miƙa. Ta ji ƙarar ƙashi, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Yatsunsa biyu suka juya inda yatsa ba ya juyawa. Guduma bai yi ihu ba. Ya dubi hannun, ya dube ta, ya ɗaga na hagu ya kwaɗa mata a fuska da bayansa. Duniya ta yi fari. Ta tsinci kanta a ƙasa, bakinta cike da jini da wani abu mai tauri da ta tofar ta ga haƙorinta ne. Ya sake nufar akwatin. Ta rarrafa ta kama ƙafarsa, ya yi ƙwallo da ita a haƙarƙari, ta ƙi saki, ta kafa masa sauran haƙoran a agara. Da ya sunkuyo zai ɓamɓare ta, ta miƙe da rodin, wannan karon ba shi ta nufa ba. Ta rafka wa akwatin, ta sake, ta sake, har wuta ta yi tartsatsi, makunnin ya zubo yana reto a jikin waya. Yanzu ko uban wa ya zo injin nan ba zai tashi ba.

Ta jingina tana numfashi, tana jin ta yi nasara. Ashe yayin da take kokawa a nan, mutum biyu sun hau rufi.

Ƙarar tarakta ce ta sa ta waiwaya. Ta ga igiya ta fito daga ƙofar rufin, ta hau kan ƙarfen da ke gicciye, ta sauko miƙe har bayan taraktar da suke jan tirela da ita. Ɗaya ya sauka ciki ya zagaye ƙirjin Yaya da igiyar, sun ja da hannu su biyu ko gezau, shi ne suka ce a kawo abin da ya fi su ƙarfi. Auta ta san lissafin nan a ka, ta sha rubuta shi a allo wa ɗalibai suna hamma. Mutumin da tsaba ta riƙe har ƙirji, kafin ka zare shi sai ka ja da ƙarfin da zai ɗaga mutum shida. Masara za ta jure wannan jan. Bayan ɗan Adam ba zai jure ba.

Ta ruga. Tsakaninta da taraktar bai fi taku talatin ba, ta yi ashirin. Direban ya saki kuloci, taraktar ta zabura, igiyar ta miƙe tamau har ƙura ta tashi daga jikinta.

Ihun da ya fito daga rumbun nan ba na mutum ba ne. Ƙarfen ya karɓe shi ya ninka, ya fito ta rufi, ya fito ta bango, har tattabarun da ke kan rumbu na shida suka watse. Sau ɗaya ya yi, sai shiru.

Direban ya taka birki da kansa, amma Auta ta riga ta iso. Ta kama wuyan rigarsa ta fizgo shi daga kan kujera, ya faɗo da ka, goshinsa ya fashe a jikin taya. Ta hau kansa tana duka da hannu, da gwiwa, tana kuka, jinin bakinta na ɗiga a fuskarsa, shi kuwa ko kare kansa bai yi ba, sai cewa yake cewa aka yi ya ja. Guduma ne ya ɗaga ta da hannu ɗaya kamar 'yar kyanwa ya ajiye gefe. Ta zaci dukan zai ƙarasa. Sai ta ga fuskarsa ta yi toka-toka. Ihun nan ya yi masa bayanin da ita ta kasa.

"Faɗi abin da za a yi," in ji shi.

Ta ce a mayar da taraktar baya a sassauta igiya. Kowa ya fita daga cikin rumbun, kada ƙafa ta sake taka masarar nan. A kawo duro biyu babu komai ciki, a cire musu kai da gindi, a tsaga kowanne gida biyu a tsaye, kuma a yi can nesa, don ƙurar hatsi ba ta shiri da tartsatsi. A kawo falankai, in babu a ɓalle ƙofofin ofis. A kawo bokitai da kwanonin abincinsu. A kira motar asibiti. Magana take da ƙyar, harshenta na faɗawa gurbin haƙori, amma babu wanda ya ce ta maimaita. Guduma ya naɗe hannunsa da tsumma, ya danne kurfin yankan ƙarfe da ƙafa, yana dukansa da hagu, yana tsaga duro yana zagin duk wanda ya tsaya kallo.

Da ta koma kan rufi kwamfutar na nan a buɗe inda ta bar ta. Idonta ya faɗa kan layin. Yana hawa kaɗan, yana sauka kaɗan, yana hawa, yana sauka. Ba ta tsaya tunanin dalili ba, ta ture ta gefe ta shiga.

Ciki zafi kamar tanda, ƙura na shaƙe maƙogwaro. Aka zuro mata ƙofar ofis ta shimfiɗa a kan gangaren, ta kwanta rub da ciki don nauyinta ya bazu, ta ja jiki har ta kai gare shi. Masara ta kai masa wuya. Igiyar ta yanka fatar hammatarsa, ta zare masa kafaɗar dama daga gurbinta, hannun ya kwanta a kan masara kamar ba nasa ba. Fuskarsa ta kumbura ta yi baƙi, jijiyoyin idonsa sun fashe. Amma yana shan iska, kaɗan-kaɗan, yadda ta ce. Ya buɗe ido ya ga bakinta, ya motsa leɓe. Ta kai kunne.

"Wa ya taɓa ki?"

Ta ce ya yi mata shiru.

Aka zuro ɓarin duro na farko. Ta kafa shi a bayansa, ta danna da ƙirjinta, ya shiga kamar taƙi ɗaya ya cije. Ƙarfinta bai isa ba. Sai ta ji ƙofa ta biyu ta sauka kusa da tata, Guduma ya kwanta a kai, duk girman nan nasa, yana jan ciki kamar yadda ya ga ta yi. Ya ɗora kafaɗa a bakin ƙarfen ya danna, ƙarfen ya yanka shi, ya ci gaba da dannawa. Haka suka kafa huɗun, suka zagaye Yaya da su, suka ɗaure da waya. Yanzu duk masarar da aka kwashe daga cikin da'irar, ta waje ba ta da hanyar maye gurbinta.

Da kwanon cin abinci ta fara kwasa. Kwano, bokiti, igiya, sama. Kwano, bokiti, igiya, sama. In sun sauka taƙi ɗaya, su ƙara danna ƙarafan taƙi ɗaya. Farcenta biyu suka fita. Guduma na kwasa da hagu, yana yi wa Yaya surutu don kada ya suma, yana ce masa ƙanwar nan tasa ba Dakta ba ce, mahauciya ce, ta karya shi ta cije shi, kuma sai ya rama a kan Jemage in ya fito. Can ya ce shi abu ɗaya ne bai gane ba. Shekara ashirin da biyu, gada ta rufta da mutumin nan yana zazzaɓi, ta rufta da shi yana atishawa, bai saki igiya ba. Yau me ya faru?

Auta ta sake cika kwano ta juye a bokiti.

Da masara ta sauka ƙasan ƙirjinsa ya ja wani dogon numfashi mai ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa, ya yi tari, ya tofar da jini da ƙura. Leburorin da ke leƙe ta sama suka ɗauki hamdala. Auta ta ci gaba da kwasa. Kwanonta ya bugi gwiwar hannunsa na hagu, ta bi hannun tana tonewa da yatsu. A manne yake da cikinsa, ya cusa shi ƙarƙashin riga, yatsun sun ƙage. Ta ɗaga rigar.

Ƙwallon ce. Ya matse ta a jikinsa har ta yi masa shaida a fata.

Sai yanzu ta gane layin da ke hawa yana sauka. Numfashinsa ne.

Ya ce, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi, da gadar ta tsage ƙwallon ta suɓuce daga hagunsa ta gangara. Ya miƙa hagun bai kai ba. Hannun dama ne ya fi kusa, sai ya saki igiya. Ya cafe ta kuwa, har ya mayar da ita hagu ya tura cikin riga, ya ɗaga hannu zai koma ga igiya, igiya ta yi nisa.

Guduma ya juya fuska ga bango. Auta ta so ta yi ihu, ta so ta rafka ƙwallon nan da ƙarfen duro har ta zama gari, ta so a ce ita ce a cikin ramin. Ba ta yi ko ɗaya ba, don akwai sauran kwasa. Ta sa ƙwallon a bokiti tare da masara aka ja sama, ta koma kan kwanonta.

La'asar ta yi kafin su kai gwiwa. A lokacin ma'aikatan motar asibiti sun iso, ɗaya ta sauko da allura da ledar ruwa ta ɗaura masa tun yana ciki, ta ce kada a lanƙwasa bayansa ko kaɗan. Suka tone har idon sawu, suka zare ɓari ɗaya na duron, suka zura falanki a bayansa suka ɗaure shi a jiki tun daga goshi. Mutum takwas suka ja shi sama da hannu, a hankali, suka zuro shi ta waje har ƙasa. Aka shimfiɗe shi a inuwar rumbu, a kan simintin da jinin Auta da na direba ya bushe.

Ta durƙusa a kansa tana cire masa ƙwayoyin masara daga kunne da gashi. Ma'aikaciyar asibitin ta yanke masa wando da almakashi, ta cire takalman, ta matsa babban yatsansa, ta soka masa tsinin allura a tafin ƙafa, ta hau zuwa ƙwauri, ta hau zuwa cinya. Ko gezau bai yi ba. Ta ɗago ta dubi Auta. Auta ta yi shekaru tana shan shayi da masu binciken jijiya, ba ta bukatar a ce mata komai.

Yaya yana kallon sama, don an ɗaure kansa ba ya iya sunkuyawa. Ya tambaya ko ƙwallon ta fashe. Ta ce ba ta fashe ba. Ya tambaya ko ta samu abin da take nema. Ta ce ta samu. Ya yi ɗan murmushi da kumburarren bakinsa, ya ce to madalla, a gaya wa yashi yana gaishe shi.

Sannan ya ɗan ɓata fuska, kamar mai jin an yi masa jinkiri.

"Auta, ku ƙarasa mana. Ku tone min ƙafafun."

Ƙafafun suna nan a miƙe a kan falanki, a fili, hannunta a kan ɗaya.